Hanyar Santiago: Al'adun Masu Ziyarar Ƙafa a Arewacin Sifaniya

Tun ƙarni na 9, lokacin da labari ya bazu cewa an gano kabarin Yaƙub ɗan Zabadi, ɗaya daga cikin almajiran Yesu Almasihu goma sha biyu, a yankin Galisiya da ke arewa maso yammacin Sifaniya, Kiristocin Turai ke niƙar gari su nufi birnin Santiago de Compostela da ƙafa. Hanyoyin suna da yawa, amma wadda ta fi suna ita ce Hanyar Faransa, wadda akan faro daga Saint-Jean-Pied-de-Port, a haye duwatsun Pyrenees, a bi ta Pamplona da Burgos da León, tafiyar kusan kilomita 780 da ke cin kimanin wata guda. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin kayan tarihin duniya a 1993.

Majami'u da gadojin dutse su ne ke fara jan idon baƙo, amma abin da ya riƙe hanyar shekara fiye da dubu shi ne karɓar baƙi. Waliyi Domingo, wanda ya rasu a 1109, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen share hanya da gina gada da masauki domin matafiya, kuma a nan ne garin Santo Domingo de la Calzada ya tsiro. Magadansa a yau su ne *hospitaleros*, wato masu hidimar sa-kai, galibinsu tsofaffin maziyarta da ke dawowa su yi mako biyu suna shara da girki a *albergue*, masaukin da ake kwana ɗaya tak a wuce. A ƙofa ake jere takalma, a wanke tufafi a shanya, kowa ya duƙufa kan ƙafarsa yana jinyar bororo, wasu har da allura da zare. Kusan ƙarfe goma na dare a rufe ƙofa, kafin takwas na safe kuma an watse. A ƙauyen Grañón ana kwana kan katifu a ƙasa cikin ginin cocin, a yi girki tare, a ci tare, kuma ba a yanka wa kowa kuɗi, sai abin da mutum ya ga dama ya jefa a akwati.

Ana gane maziyarci da faffaɗan ɓawon wata halittar teku da yake ratayawa a jakarsa, da gaisuwar "Buen Camino" da yake yi wa duk wanda ya tarar, wato fatan a sauka lafiya. Kibiyoyi masu ruwan ɗorawa ne ke yi masa jagora, waɗanda Elías Valiña, limamin cocin O Cebreiro, ya fara shafawa a jikin duwatsu da bango a shekarun 1980, lokacin da hanyar ta kusa ɓacewa. A Cruz de Ferro, wani gicciyen ƙarfe da aka kafa bisa dogon itace a tudu mai tsayin kimanin mita 1,500, mutum yakan ajiye dutsen da ya ɗauko tun daga gida, alamar sauke nauyin zunubi ko baƙin ciki, kuma da yawa sukan rubuta sunan mamacinsu a jikinsa.

Kowane matafiyi yana riƙe da *credencial*, takardar da ake buga wa hatimi a kowane zango, kuma da ita ake karɓar shaidar kammalawa mai suna *Compostela*, bisa sharaɗin taka aƙalla kilomita 100 da ƙafa ko 200 a keke. Wannan ƙa'ida ta buɗe ƙofa ga tsofaffi da marasa lokaci, sai dai ta jawo cunkoso daga garin Sarria, mafarin masu taka kilomita 100 ɗin kawai, inda gaggawar kama gado ke rage natsuwar da aka fito nema. A 2023 kaɗai mutum fiye da 400,000 suka karɓi shaidar.

A babban cocin Santiago maziyarci yakan hau bayan bagade ya rungumi mutum-mutumin Yaƙub, ya sauka ya yi addu'a a kabarin, kuma a ranakun manyan bukukuwa maza takwas kan ja igiya su lilo da *botafumeiro*, ƙaton kaskon turaren wuta, daga wannan gefen cocin zuwa wancan. Idan 25 ga Yuli, ranar tunawa da Yaƙub, ta faɗo Lahadi, shekarar ta zama mai tsarki, a buɗe wata ƙofa ta musamman da ke rufe a sauran shekaru, kuma mai zuwa ita ce 2027.