Zaɓen Faifan Ajiyar Bayanai: Biyu Matsakaita Sun Fi Ƙato Guda

A zamanin da, idan gobara ta tashi a kasuwa, abin da ɗan kasuwa ke fara ruga wa bayan kuɗi shi ne littafin bashi, domin kaya ana iya sake saro su, amma littafin da ya ƙone ya tafi ke nan da sunayen waɗanda ake bi. A yau wannan littafi ya koma cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, tare da takardun odar kaya da lissafin albashi da na haraji. Ɓarawo guda, ko wutar lantarki da ta dawo da ƙarfi, sun isa su shafe aikin shekara goma cikin ƙiftawar ido.

Lamarin ya shafi doka ma, domin Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfani adana bayanan lissafin kuɗinsa har shekara 6. Masu ɗab'i da masu zanen gine-gine da masu shirya fina-finai da masu ɗaukar bidiyon bukukuwa kuwa, manyan fayilolin da ke hannunsu su ne jarinsu. Wannan ne ya sa faifan ajiya na waje, wanda ake jona wa kwamfuta da waya a kwashe kwafin bayanai a ciki, ya shiga sahun kayan aikin da ofis ba ya rasawa.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irin wannan faifai a 1956, kuma duk da cewa nauyinsa ya kai kusan tan guda, haruffa miliyan 5 kacal yake ɗauka. Sai a 2007 kamfanin Hitachi ya fito da mai terabayit 1, wato gigabayit 1,000. Bayan haɗe-haɗen kamfanoni na 2011 da 2012, uku ne suka rage suna ƙera shi a duniya: Seagate da Western Digital da Toshiba. Saboda haka ko wane suna aka rubuta a jikin akwatin, abin da ke ciki daga ɗaya cikin ukun nan ya fito. Ƙarancin masu ƙerawar kan sa farashi ya yi tashin gwauron zabo da zarar an sami tangarɗa, kamar yadda ya faru a 2011 lokacin da ambaliya ta mamaye masana'antu a ƙasar Tailan. A nan gida kuma farashin yana bin dala ne sau da ƙafa, kuma masu saye sun ji a jikinsu bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar naira a watan Yuni na 2023.

Matakin farko wajen zaɓe shi ne lissafi, tun kafin a shiga kasuwa. A misali, ofishin da ke da bayanai gigabayit 800, kuma yake ƙara 300 kowace shekara, zai kai 1,700 cikin shekara 3. Faifai mai terabayit 2 zai kusa cika a lokacin, yana ma iya cika maƙil kafin nan idan ana ajiye tsofaffin kwafi, don haka mai terabayit 4 ne ya dace da shi. Ya kamata kuma a sani cewa masu ƙerawa da manhajar Windows ba ƙidaya iri ɗaya suke yi ba: faifai mai terabayit 1 yakan nuna gigabayit 931, mai 4 kuma ya nuna kimanin terabayit 3.6, kuma wannan ba ha'inci ba ne. Wajen kwatanta farashi, a raba kuɗin da yawan terabayit. Galibi babban faifai ya fi sauƙi a kan kowane terabayit.

Faifan iri uku ne a kasuwa. Akwai ƙarami na tafi-da-gidanka mai inci 2.5, wanda ke shan wutarsa daga jikin kwamfuta, kuma girmansa bai cika wuce terabayit 5 ko 6 ba. Akwai babba na kan tebur mai inci 3.5, wanda ke iya haura terabayit 20, amma sai an jona shi da soket. Na ukun shi ne SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya kuma fi jure faɗuwa, sai dai kuɗin kowane terabayit nasa ya ninka na sauran. Mai yawo da aiki a jaka zai fi amfana da SSD, amma wanda ke son tara bayanai masu yawa a wuri guda, mai juyawar ya fi masa araha.

Har ila yau akwai batun sauri. Ta tsohuwar kafar USB 2.0, kwashe terabayit 1 kan ci wajen awa 8, alhali ta USB 3.0 bai cika wuce awa 2 zuwa 3 ba. Da yawa daga cikin ƙananan faifan ana ƙera su ne da fasahar SMR, wadda ke jera layukan rubutu wani kan wani kamar jinkar kwano. Suna da arha, amma sukan yi nawa idan aka daɗe ana zuba musu manyan fayiloli. Wanda aikinsa ke nan kullum, ya tambayi mai fasahar CMR. Kazalika, faifan da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabayit 4, don haka sai a mayar da shi NTFS idan Windows kaɗai ake amfani da ita, ko exFAT idan har da kwamfutar Apple.

A manyan kasuwannin kayan kwamfuta, irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas, da Banex a Abuja, da Farm Centre a Kano, ana samun dillalai na ƙwarai, amma kamar kowace kasuwa, sai mai saye ya buɗe ido, domin araha ba ta ado. Akan sa tsohon faifai cikin sabon akwati, akan kuma yi wa ƙaramar ma'ajiya dabarar da za ta riƙa nuna girman da ba ta da shi. Manhajar kyauta ta CrystalDiskInfo na nuna awowin da faifai ya riga ya yi yana aiki, H2testw kuma na gwada ainihin girmansa. Bugu da ƙari, a duba lambar jikinsa a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera shi, a kuma karɓi rasit. Garanti dai galibi canjin faifai yake bayarwa, ba ya dawo da abin da ya ɓace a ciki.

Yanayin ƙasar nan ma abin lura ne. Yawancin masu ƙerawa sun ƙayyade cewa kada zafin wurin aiki ya wuce digiri 35 zuwa 40, ma'aunin da garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri ke zarcewa a watan Afrilu. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar kwafi kan lalata fayil, saboda haka faifan kan tebur na bukatar na'urar UPS mai riƙe wuta, musamman inda ake sauyawa zuwa janareto. Faifai mai juyawa kuma, wanda ke zagaye sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, ba a motsa shi yana aiki.

Duk da waɗannan matakai, kowane faifai yana da ranar mutuwarsa, kuma sau da yawa ba ya sallama. Babban kuskuren da ake yi shi ne a kwashe bayanai zuwa faifan waje sannan a goge na cikin kwamfuta; wanda ya yi haka kwafi ɗaya yake da shi har yanzu, wuri kawai ya canza masa. Ƙa'idar da wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yayata ita ce ta 3-2-1: kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, guda 1 kuma a wani gini dabam ko a rumbun ajiya na intanet. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta isa hujja cewa kwafin da ke kwana kusa da kwamfuta, tare za su tafi.

Haka nan faifan da aka bari a jone dare da rana bai tsira daga cutar kwamfuta mai garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa ba, irin WannaCry da ta afka wa ƙasashe kimanin 150 a watan Mayu na 2017. Abin da ya fi shi ne a sayi faifai biyu a riƙa musanya su mako-mako, ɗaya a ofis ɗaya a gida, a cire kowanne da zarar an gama kwafi. Tun da kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni alhakin tsare sirrin abokan cinikinsu, ya dace a kulle faifan da kalmar sirri ta hanyar manhaja irin BitLocker, a adana mabuɗin a wuri amintacce.

Daga ƙarshe, a ware rana guda kowane wata a buɗe wasu fayiloli daga cikin kwafin don a tabbatar suna aiki. Kuɗin faifai na biyu tamkar kuɗin inshora ne, kuma idan aka auna shi da bashin da zai salwanta ko kwangilar da za ta kuɓuce, bai taka kara ya karya ba. Ajiya dai, in ji masu iya magana, maganin wata rana ce.