Karatun lauya: abin da ɗalibin Bengou zai auna kafin ya amsa gurbin farko da aka ba shi

Ɗalibin da ya taso a Bengou, cikin gundumar Gaya ta jihar Dosso, in ya kai ajin ƙarshe na sakandare yana sha'awar karatun shari'a, hanyoyi uku ne a gabansa. Akwai Yamai, mai nisan kimanin kilomita 300 daga Gaya. Akwai Najeriya ta iyakar Kamba, daga nan zuwa Sakkwato ko Zariya. Akwai kuma Benin, ƙetaren kogin Kwara ta Malanville zuwa Parakou. Sau da yawa gurbin da ya fara samuwa shi iyali ke rungumewa, don gudun kada yaro ya yi asarar shekara. Sai dai a wannan fanni amsa gurbi da wuri kan ɗaure ɗalibi fiye da yadda iyaye ke zato.

A Amurka wannan ɗauri yana da tsari a rubuce. Wasu makarantun lauyoyi na ba mai neman gurbi damar tura takardunsa da wuri, galibi a watan Nuwamba, a ba shi amsa kafin sauran. Sharaɗin shi ne ya sa hannu cewa in an ɗauke shi zai zo, kuma zai janye takardun da ya tura wasu makarantu. Ribarsa samun kwanciyar hankali da wuri. Asararsa kuwa, ba zai iya jera tayin makarantu ya ga wadda ta fi rage masa kuɗin karatu ba. Shi ya sa masu ba ɗalibai shawara a can ke cewa tsarin ya dace ne da wanda ya riga ya san makarantar da yake so, ya kuma san inda kuɗinta za su fito.

Jami'o'in gwamnatin Nijar ba sa sa ɗalibi irin wannan alkawari. Abin da ke ɗaure shi a nan ita ce dokar da zai karanta. Likitan da ya koyi maganin zazzaɓin cizon sauro a Sakkwato zai yi aiki da iliminsa a Gaya, amma doka ta ƙasa ce. Nijar da Benin sun gaji tsarin Faransa, wanda ya dogara da kundayen dokoki rubutattu, da harshen Faransanci. Najeriya ta gaji na Ingila, inda hukuncin da manyan kotuna suka yanke a baya ke zama hujja, ga kuma kotunan shari'ar Musulunci a jihohin arewa.

Wanda ya zaɓi gida yana da jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua, dukkansu suna koyar da shari'a. Digiri na farko, wato lisansi, shekara uku ne, mastar kuma shekara biyu. Lisansi kaɗai ba ya mai da mutum lauya. Dokar ƙungiyar UEMOA ta 2014 ta tanadi cewa sai mai mastar zai zauna jarabawar samun shaidar CAPA, sannan ya yi shekara uku yana koyon aiki a ofishin wani lauya. Mai son zama alƙali shi ma sai ya ci jarabawar gasa kafin ya shiga makarantar horon alƙalai. Ke nan iyalin da suka yi lissafin shekara uku, gara su yi na takwas.

A Najeriya ƙofar ita ce hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Tun 2017 ta tsarinta na intanet mai suna CAPS ake ba da gurbi: ɗalibi ya amsa ko ya ƙi, in kuwa ya amsa, sauran jami'o'i ba za su ƙara yi masa tayi ba a wannan zango. Wannan shi ne mafi kusa da tsarin Amurka a yankinmu. Rajistar JAMB kan zo a farkon shekara, watanni kafin jarabawar BAC, don haka ana fara kashe kuɗi tun ba a san sakamakon gida ba. Digirin shari'a a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko ta Ahmadu Bello ta Zariya shekara biyar ne, da Turanci, sai ƙarin shekara guda a Makarantar Lauyoyi ta Najeriya, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Wanda ya dawo gida da wannan shaida sai ya nemi hukumomin ilimi su tantance ta, ya kuma koma ya koyi kundayen da kotunan Nijar ke aiki da su.

Benin ta fi sauƙi ta wannan fuska. Jami'ar Parakou, da aka buɗe a 2001, tana da sashen shari'a, harshen koyarwa ɗaya ne da na Nijar, kuɗin ma sefa ce. Ƙasashen biyu suna cikin OHADA, yarjejeniyar 1993 da ta haɗa dokokin kasuwanci na ƙasashe 17, wadda Najeriya ba ta ciki. Abin da ɗalibi ya koya kan kamfanoni da biyan bashi a Parakou zai yi masa aiki a Yamai. Dokokin filaye, aure da gado kuwa sun bambanta, domin kotunan Nijar suna aiki da al'adar masu ƙara a irin waɗannan shari'o'i. Akwai kuma batun hanya: rufe gadar Gaya da Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya nuna wa iyalai cewa makarantar da take kusa kan yi nisa dare ɗaya.

Sai maganar kuɗi. Hukumar ANAB ce ke kula da bursu da tallafin ɗaliban Nijar, kuma kafin a biya ko sisi a wata makaranta ya kamata a je a tambaya ko zaɓin ya shiga cikin waɗanda take ɗaukar nauyi. Haka in makaranta mai zaman kanta ta nemi kuɗin kama gurbi tun sakamakon BAC bai fito ba, a tambaya ko ana mayar da su, ko gwamnati ta ba makarantar izini, ko kuma hukumar CAMES ta amince da shaidarta. Amsoshin su kasance a takarda. Manomin da ya sayar da hatsi ko sa ya biya rajista ba shi da na biyu da zai sayar in aka sauya shawara.

Amsa gurbi da wuri ba laifi ba ne ga wanda ya san ƙasar da zai yi aiki, ya iya harshen da za a koyar da shi, iyalinsa kuma suka ga hanyar riƙe shi har ƙarshe. Ɗalibin da danginsa da makomarsa ke Kebbi ko Sakkwato, amsa gurbin JAMB ya dace da shi. Wanda kuwa burinsa ya tsaya gaban alƙali a Gaya ko Dosso yana kare manomi a rikicin gona, jiran sakamakon BAC na 'yan watanni ya fi masa arha a kan shekara shida cikin dokar wata ƙasa.