Kakin Ƙirji: Abokin Gāban Wanda Ya Karye a Wuya

'Yan'uwa manoma na ƙasar Gwarzo da Kabo, mun san yadda tsautsayi yakan zo. Wani ya faɗo daga kan ɗorawa, wani ya zame cikin rijiya, wani kuma babur ya kayar da shi a hanyar Kano. In bugun ya sami kai ko wuya, akan wuce da mutum manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, ko Asibitin Ƙashi na Dala wanda ke aiki tun 1959. Wanda numfashinsa ya gaza, sai a sa masa bututu a maƙogwaro, inji yana hura masa iska.

To, a nan ne wani haɗari yake ɓoye. Kullum huhu yana fitar da kaki, tari kuwa shi ke share shi. Amma tari yana bukatar ƙarfin naman ciki da na haƙarƙari, su kuma daga laka suke karɓar umarni, watau jijiyar nan da ke cikin ƙashin baya. In laka ta taɓu a wuya, tari ya mutu. Wanda ya bugu a kai ya suma, shi ma ba ya tari sosai. Sai kaki ya taru ya toshe hanyoyin iska, kamar yadda yashi yakan toshe magudanar noman rani. Ciwon huhu ya biyo baya, yana kuwa cikin manyan abubuwan da ke kashe masu irin wannan rauni.

Wannan ne aikin masu gashin ƙashi. Sukan bubbuga ƙirji da tafin hannu a lanƙwashe, ko su girgiza shi, kamar mai karkaɗe buhu don gari ya sauka. Akwai kuma injuna. Wani riga ce da ake ɗaura wa ƙirji, tana kaɗa shi da sauri. Wani yana tura iska cikin huhu sannan ya janye ta farat ɗaya, watau tari na aro. An soma irinsa a Amurka a shekarun 1950 domin masu shan-inna. In kaki ya taso, sai nas ta zuƙe shi da siririn bututu. Ba kowane asibiti ke da injunan ba, amma hannun gwani yana aikin.

Don me ba kowa zai yi ba? Domin wanda ya bugu a kai, in aka sunkuyar da kansa ƙasa, matsi yana ƙaruwa cikin ƙoƙon kai. Shi ya sa akan ɗaga kan gadonsa. Karyayyen wuya ko haƙarƙari kuma ba ya son jijjiga sai likita ya yarda.

Ga abin da ya rage gare mu:

1. Wanda ya faɗi yana kukan wuya, kada a zaunar da shi, kada a ɗora shi a babur. A kwantar da shi bisa ƙofa ko katako, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jiki.
2. Kada mu ɗura ruwa ko kunu ga wanda ya suma. Huhu zai faɗa.
3. Kada mu fitar da shi daga asibiti zuwa wurin mai ɗori.
4. Kafin a sallame shi, mutum biyu daga gida su koyi juya shi kowane awa 2, da taya shi tari yadda aka nuna musu.
5. A gida, in zazzaɓi ya zo, ko kaki ya koma ɗorawa ko kore, ko numfashi ya yi sauri, a koma asibiti a ranar.

Jinyar tana da tsawo, gida ɗaya ba ya iya ɗaukarta. Bari kowace ƙungiya ta ware wani abu a asusunta a lokacin kaka, ta kuma tsara wanda zai kwana wurin majinyaci da wanda zai nome masa gona.