Masu Fatsa a Ƙoramun Chesapeake

Mashigin Chesapeake, wanda ya ratsa jihohin Maryland da Virginia a gabashin Amurka, ya kai kilomita 300 a tsawo. Nan ruwan daɗi na kogunan Susquehanna da Potomac yake gauraya da na teku, ya zama ruwan zartsi. Kowane kogi a yankin, irin su Severn da Magothy da Choptank, yana da 'yan ƙoramu barkatai da suke cika su janye sau biyu a rana. A cikinsu ne mutanen wurin suke farautar wani kifi mai ƙyallin azurfa da suke kira white perch. Girmansa bai wuce na matsakaiciyar karfasa ba. Wanda ya kamo mai inci 12 sai ya ɗauki hoto ya nuna wa abokai.

Galibin bakin ruwan nan mallakar masu hannu da shuni ne, gida na bin gida, kowa da gadarsa ta katako inda yake ɗaure jirginsa. Talaka ba shi da ikon taka filin wani. Amma ruwan na kowa ne, kuma nan kayak ya yi rana. Ɗan siririn kwale-kwale ne na mutum ɗaya, wanda asalinsa mutanen Inuit na ƙasashen ƙanƙara ne suke yi da fatar dabbar ruwa. Na yanzu da roba ake yi. Mutum ya ɗora shi a kan mota, ya sauke a mashigar da hukuma ta ware, ya kama filafili, cikin 'yan mintuna ga shi a gindin gadar attajiri yana jefa ƙugiya, ba mai ce masa uffan. Tun 1997 kamfanin Hobie ya fito da wanda ake tuƙawa da ƙafa, hannu biyu suka samu sararin riƙe sandar fatsa, sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Kafin a fita, jadawalin cika da janyewar ruwa ake dubawa. Idan ruwa ya tsaya cak, kifi ba ya ci. Idan yana tafiya, musamman ya cika ya fara komawa, sai ya kwaso ƙananan jatan lande daga cikin ciyawa, kifin kuma ya laɓe a inuwar ginshiƙan gada, ko a jikin duwatsun da aka jera don tare zaizaya, ko ƙarƙashin bishiyar da ta faɗa ruwa, yana jira abinci ya zo masa. Gwani yakan matso a hankali, ya ɗora filafili a cinya don kada ya bugi jikin jirgin, ya wurga ƙugiya daf da ginshiƙi, ya jawo sannu-sannu. A jikin ƙugiyar akwai ɗan faifan ƙarfe da yake juyawa yana walƙiya, irin wanda ake sayarwa da sunan Beetle Spin. Wasu kuwa sun fi yarda da abinci na gaske: jatan landen ciyawa da suka kwaso da koma tun da asuba, ko guntun kaguwa mai laushi, ko wata jar tsutsa da ake kawowa daga jihar Maine, mai ɗan karen tsada. Da kifi ya fito, sai a shafo shi daga kai zuwa baya a kwantar da ƙayoyin gadon bayansa, don baƙo da ya damƙe shi kai tsaye yana komawa gida da jini a tafi.

A watan Maris da Afrilu kifin yana hawa can saman koguna ya zuba ƙwai. Daga Yuni zuwa Satumba yana cikin ƙoramu. Sanyi na kamawa ya gangara zurfi.

Akwai ladubban da ba a rubuta ba. Ba a kutsa wa wanda ya riga isa wuri. Ba a barin ƙugiya maƙale a igiyar jirgin mai gida. Babban laifi shi ne tona wuri: ka tambayi mutum ina ya kamo, zai ce maka "a Severn", ya yi murmushi, alhali Severn ɗin ƙoramunsa ba sa lissafuwa da yatsu. Dokar Maryland ba ta ƙayyade yawa ko girman wanda za a kama da ƙugiya ba, amma masu kamun kai sukan mayar da ƙanana, su riƙe abin da zai ishi gida. A ganina wannan ɗabi'a ta fi dukan ladubban daraja, ko da yake ba kowa ke kiyaye ta ba.

Da yamma sai suya. A fere tsokar, a birkiɗa ta a garin masara da yajin Old Bay na birnin Baltimore, a tsoma a mai, a kira maƙwabta. Da yawa daga 'yan yankin za su rantse maka white perch ya fi babban ɗan'uwansa rockfish daɗi, duk da rockfish ɗin ne kifin da jihar Maryland take alfahari da shi. Sai dai hukumar muhalli ta Maryland tana fitar da gargaɗi kogi-kogi kan yawan da ya kamata a ci a wata, saboda gubar masana'antu da ta kwanta a laka, musamman a ruwan da ke kusa da Baltimore, kuma mata masu ciki da yara aka fi ja wa kunne.