Shin Ko Kun San? Ƙugiyar Harafi Kan Tsinke Mahaɗar Intanet

Shin ko kun san cewa alamar # da ake gani a ƙarshen wasu adireshin intanet tana nuna wani gurbi ne a cikin shafin? Sunan da ke biye da ita tamkar turke ne da aka kafa a gindin wani kanu, mahaɗa kuma igiyar da ke kai mai karatu wurin. Idan turken ya ɓace, shafin zai buɗe lafiya ƙalau, sai dai mai karatu ya tsinci kansa a saman shafi, babu wani gargaɗi.

Shin ko kun san cewa tun a jerin alamomin HTML na farko da Tim Berners-Lee ya bayyana a 1991 akwai <a>? A da ana kafa turke da name, amma HTML5, wanda aka tabbatar a 2014, ya ajiye wannan salo ya fifita id. A zamanin HTML 4 dole sunan id ya fara da harafin Turanci. Yanzu kowane harafi ya halatta, muddin ba a bar fili a tsakani ba.

Shin ko kun san cewa salon rubutu na Markdown, da John Gruber ya fitar a 2004, bai zo da hanyar kafa turke ba? Shi ya sa GitHub, inda ɗimbin manhajojin da kowa ke da 'yancin gyarawa ke ajiye bayanansu, ke ƙirƙiro turke daga kanun kansa: ya mayar da manyan haruffa ƙanana, ya zubar da alamomin rubutu, ya sa karan ɗori a gurbin fili. Kanun "N'Guigmi" ya koma #nguigmi. Kanu biyu masu suna ɗaya, na biyun ya samu -1.

Shin ko kun san cewa kogin Komadugu ya raba haruffa kamar yadda ya raba ƙasa? A Diffa, bisa ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999, ana rubuta ƴ. A tsallake, wajen Damasak a Najeriya, 'y ake rubutawa. A GitHub, kanu ɗaya kan masu cinikin tattasai zai ba da #ƴan-kasuwa a wannan gaɓa, #yan-kasuwa a waccan. Mahaɗar ɗaya ba ta kaiwa ga ɗayan.

Shin ko kun san cewa rubutun Barebari na da nasa tarkon? Harafin ǝ, mai lamba U+01DD, yana da takwara mai kama da shi sak, wato ə, mai lamba U+0259. Ido ba ya bambancewa, kwamfuta kuwa ba ta ɗaukar su abu ɗaya.

Shin ko kun san cewa ƙ kan koma %C6%99 idan an kwafi adireshi, ɗ kuma %C9%97? Mahaɗar na aiki, amma aika ta a WhatsApp ka ga tsawonta.

Shin ko kun san cewa Docutils, injin salon rubutu na reStructuredText da ake rubuta bayanan harshen kwamfuta na Python da shi, kan sauke turke zuwa haruffan Turanci zalla? A nan "ƙasa" da "kasa" sun zama suna guda. Amma tsarin ya ba marubuci damar raɗa wa sashe suna da hannunsa, ya riƙa kiransa da :ref: a manhajar Sphinx. Wikipedia ma na da samfurin anchor don wannan aiki.

Shin ko kun san maganin duk waɗannan? Ɗalibin Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ko duk mai fassara bayanin manhaja zuwa Hausa ko Barbarci, ya kafa turkensa da hannu: gajeren suna, ƙananan haruffa marasa ƙugiya, wanda ba zai taɓa canzawa ba. Kanu kuwa a rubuta shi da cikakkiyar ƙa'ida, a gyara shi sau goma in an so, mahaɗar na nan daram.