Daga Ina Jakar Gana-Mas-Go Ta Samo Suna?

Kakana mutumin Gaya ne, fataucin goro ya kai shi Kumasi. A Nuwamban 1969, sabuwar gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Ghana. Mutane da dama suka yi murna, wai baƙi sun cinye kasuwa. Haka ya dawo Gaya hannu rabbana.

A Janairun 1983, da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta yi irin haka, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka kwashe kayansu a irin jakar nan da muke zuwa makaranta da ita.

Idan rayuwa ta yi tsanani, baƙo ake fara ɗora wa laifi, 'yan siyasa kuma sun san korarsa na kawo farin jini. To, mu masu burin fita waje bayan difloma, mu ne baƙin gobe.