Huhu Bayan Tiyatar Zuciya

Tun 1953, lokacin da John Gibbon ya yi nasarar tiyata da injin zuciya da huhu a Filadelfiya, likitoci ke fama da matsala guda. Jini na taɓa bututun roba sai jiki ya ɗauka maƙiyi ne ya shigo. Fararen ƙwayoyin jini su harzuƙa, su taru a huhun da aka bari a sace ba numfashi, har ruwa ya tsattsafo cikinsa.

Wani zai ce a ba da maganin kumburi mana. An gwada. Binciken SIRS na 2015, kan majinyata 7,507, ya nuna maganin kumburi na methylprednisolone bai rage mutuwa ba, ga shi yana ɗaga sukari. A ganina, gyaran yana cikin ɗakin tiyata: a taƙaita zaman majinyaci kan injin, a shafe bututu da heparin mai hana jini daskarewa, a rage ƙarin jini, a hura huhu sannu. Masu cewa a ajiye injin gaba ɗaya suna da hujja wajen gyaran jijiyoyin zuciya, amma a tiyatar sauya bawul yawanci sai an tsayar da zuciyar.